Ratar Ƙaramin Yatsa

Kebek, ƙasar Kanada
9 ga Oktoba, 1966

Zuwa ga yayata Asiya, a Ɗan Kassari.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki Yaya Inusa da yara. Ki gaishe mini da Iya, ki ce mata ciwon haƙorin nan ya rabu da ni tun watan jiya, ina cin abinci, ban rame ba. Sanyi dai ya fara leƙowa, ganyen itatuwa ya yi ja yana ta zuba.

Na ji daɗin takardarki ta damina. Hannunki ya miƙe, Yaya. Wa zai ce shekara biyu kacal ke nan da kika shiga ajin yaƙi da jahilci?

Ga labarina. Lakwal ɗinmu ta kanikanci tana tura kowane ɗalibi wani garaji kwana biyu a mako, don hannu ya san abin da kai ya karanta. Ni an kai ni wurin wani tsoho mai suna Arman. A nan in dusar ƙanƙara ta sauka, takan binne hanyoyin ƙauye wata huɗu ko biyar. Sai mutane su hau wata irin moto da aka yi domin ƙanƙara. Ba ta da taya. A gabanta wasu dogayen takalman ƙarfe ne guda biyu masu sulɓi, a ƙarƙashinta kuma shimfiɗar roba ce mai juyawa tana tura ta. Yanzu ne lokacin duba su, tun kafin ƙanƙarar ta iso, kamar yadda manomi ke kai hauyarsa maƙera kafin ruwan fari. Garajin ya cika da su.

Babban abin da ake dubawa shi ne kuloci. Faifan ƙarfe ne guda biyu, ɗaya a jikin inji, ɗaya a baya, bel yana gudu tsakaninsu. Kowane faifai fuska biyu gare shi, masu matsewa da buɗewa yayin da moton ke ƙara gudu. Sai a cire bel, a ɗora miƙaƙƙiyar sandar ƙarfe a jikin faifan baya, a auna tsakaninta da na gaba, a auna ta baki a auna ta ciki.

Akwai moton wata unguwarzoma, Madam Liz, wadda ke zuwa gonaki karɓar haihuwa. Bara bel uku ta cinye. Sau ɗaya ma ta tsaya mata a tsakiyar daji, da ƙafa ta ƙarasa wurin mai naƙuda. Arman ya ce bel ɗin bara ne ba su da kyau, ya ce in sa sabo in wuce ta gaba. Na ɗauki tsohon bel ɗin na juya shi a hannu.

Na ce, "Patron, gefe ɗaya kawai ya cinye."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Kai da ba ka taɓa ganin ƙanƙara ba sai bara?"

Na ce, "Ƙanƙara kam baƙuwata ce. Bel kuwa na san shi tun Yamai."

Na ɗora sanda na auna a gabansa. Awon baki da na ciki suka saɓa. Na leƙa ƙarƙashin injin, ashe ɗaya daga cikin robobin da yake zaune a kansu ta murƙushe, injin ya karkace. Na canza ta, na sa siraran zobban ƙarfe biyu a bayan faifan, na ɗaure, na sake awo. Arman ya karɓi sandar ya auna da kansa har sau biyu. Can ya miƙo mini ita ya ce, "Sauran motoci goma sha huɗun naka ne."

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Yaya, faifan nan biyu ba a jera su kai da kai. Dole a bar rata tsakanin layin wannan da na wancan, kamar kaurin ƙaramin yatsa. In babu ratar nan, bel ba ya daɗewa.

Yaya injin niƙan Yaya Inusa? Ki ba ni labarinsa, kullum na ji ƙamshin man gazuwal sai na tuna da shi.

Ƙanenki,
Ja'afaru


Ɗan Kassari
6 ga Nuwamba, 1966

Zuwa ga ƙanena Ja'afaru.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina yi maka sannu da sanyi. Takardarka ta iso ranar kasuwa, Maikano mai kamyo, wato babbar motar kaya, shi ya karɓo ta daga gidan waya na Dogon Dutsi. Mu duka lafiya. Iya ta sa na maimaita mata wurin haƙorin nan, ta ce alhamdu lillahi, amma ba ta yarda ba ka rame ba sai ta ga hoto. Gwiwarta na nan yadda ka sani. An gama yankan hatsi, rumbu ya cika, wake ma ya yi bana.

Ka tambayi inji, to ka taɓo inda ke yi mana ƙaiƙayi. Tun da ruwan watan Agusta ya shiga rumfar, bel bai sake zama lafiya ba. Biyu ya cinye, na uku muke kai, kuma ka san sai an tsallaka iyaka ake samo shi. Gefe ɗaya yake cinyewa, irin wanda ka faɗa. In an jima ana niƙa sai ya zame ya faɗi ƙasa, a tsayar da inji a mayar. Jiya sau shida aka mayar. Mata suna zaune da ƙwarya tun hantsi har la'asar.

Ga azumi saura wata ɗaya da ƴan kwanaki. Ƙauye biyar ke kawo niƙa nan. In injin ya tsaya, matan nan turmi da dutse za su koma da ƙishirwa a baki. Ni na yi wannan aikin shekara ashirin, ba na so in ga an koma.

Baturiya ƴar bori, ta bayan gidanmu, ta ce doguwar da ke cikin gawon bakin rumfar ce ba ta son ƙara, ita ke ture bel ɗin. Maigida bai ce ya yarda ba, bai kuma ce bai yarda ba.

Da na zauna ina karanta masa takardarka, na zo wurin rata, sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tsaya. Koma baya."

Na koma na sake karantawa. Ya buga cinya ya ce, "Ashe shi ya sa! Mu muna ta fama mu jera su kai da kai, ashe rata ake bari. Yaron nan karatunsa ya yi rana."

Ya ce kasuwa mai zuwa in ta watse, zai sa Maikano ya kama masa su matsar da maniƙar gefe. Ya tambaye ni yatsan wa za a auna, nawa ko nasa. Na ce nasa ya fi kauri, a yi da shi a huta gaba ɗaya.

Ka ga ke nan kana can ƙarshen duniya kana gyara mana inji. Ka gaishe da tsohon nan mai tabarau, ka ce masa mutanen Arewa ba a raina su. Allah ya ƙara basira.

Yayarka,
Asiya


Dogon Dutsi
20 ga Nuwamba, 1966

Ja'afaru,

Ina gaishe ka. Iya da yara lafiya. Daga farfajiyar asibitin Dogon Dutsi nake rubuta maka, a kan gwiwata, ka yi haƙuri da hannun. Ba na so ka ji daga bakin wani.

Ranar Talata aka matsar da maniƙar kamar yadda na gaya maka. Aka ɗaure, aka ta da inji. Da farko bel ya yi gudu, har Maigida ya juyo yana yi mini dariya. Na zuba tiya ɗaya ta hatsi. Da injin ya ɗauki nauyi sai na ji wata ƙara kamar ana yaga tabarma. Maigida ya sunkuya ya duba. Bel ɗin ya tsinke daidai mahaɗinsa, inda ƙarfen ɗinki yake, ya zabge shi a fuska.

Ni na kashe injin. Ban san na iya ba sai da na ga ya yi shiru. Jini ya rufe masa fuska tun daga goshi har kunci. Allah ya sa kamyon Maikano na tsaye bai tafi ba, muka shimfiɗa shi a baya kan buhuna, na riƙe kansa har muka iso.

An ɗinke goshin. Idon hagu an naɗe shi, na dama ma ya kumbura bai buɗuwa. Likita ya ce sai kumburin ya sauka an kwance za a san abin da ya rage. Yana magana, yana shan kunu. Ya tambaye ni ko an rufe rumfar, na ce an rufe.

Gari ya ɗauka doguwa ce. Baturiya ta ce ta faɗa tun farko. Wasu na cewa a sayar da injin a kai shi wani gari. Iya tana kuka tana cewa da kana nan da haka bai faru ba.

Ba ni da abin da zan ƙara yanzu. Ka yi mana addu'a.

Asiya


Kebek
1 ga Disamba, 1966

Yaya Asiya,

Gaisuwa, da fatan kuna lafiya ke da Iya da kowa. Yau takardarki ta 6 ga Nuwamba ta iso, a tsaye na karanta ta, ban cire rigar sanyi ba na zauna rubuta wannan.

Kada ku bar rata! Don Allah ki hana Yaya Inusa. In an riga an matsar, kada a ta da injin.

Ratar da na faɗa ta moton ƙanƙara ce kaɗai. Nata faifan suna buɗewa suna matsewa, bel yana hawa yana sauka a cikinsu, shi ya sa ake ba shi wuri. Naku faifan dunƙulallu ne, ba sa motsi. Naku dole su tsaya kai da kai, layi ɗaya, ko kaurin tsinke kada a bari. Laifina ne da ban bambance ba. Daɗin yabon Arman ne ya ɗebe ni, na yi ta zuba kamar da abokin aji nake magana.

Ga abin da za ku yi. A cire bel. A sami zare mai ƙarfi, mutum biyu su ja shi ya miƙe. A kwantar da shi a gefen faifan maniƙa yadda zai taɓa bakinsa na gaba da na baya, a wuce da shi har faifan inji. Dole zaren ya taɓa wuri huɗu, biyu a nan biyu a can. In wuri ɗaya ya bar haske, akwai karkata. Tun da kika ce bayan ruwan Agusta abin ya fara, ina zaton ƙasa ce ta zauna a ƙarƙashin injin ta gefe ɗaya. A duba ƙafafunsa. A ɗaga wadda ta nutse, a cika ƙarƙashinta da abu mai tauri, ba itace ba.

In an mayar da bel, a fara juya shi da hannu sau goma, a ga ko yana zaune a tsakiya. Kuma a yi masa shinge. Ko tsohuwar ganga ce a yanka a rufe shi, kada kowa ya sunkuya kansa yana gudu. A nan ba a ta da moto sai murfin bel na kanta.

Na san takarda takan yi mako uku a hanya. Ina roƙon Allah ya sa kasuwa ta hana Yaya Inusa sukuni bai taɓa komai ba. Ki amsa mini da wuri.

Ja'afaru


Kebek
16 ga Disamba, 1966

Yaya,

Barkanku da shiga azumi. Ina gaishe ki, ina gaishe da Iya. Ki yi wa Yaya Inusa sannu, in yana iya jin sunana.

Takardarki ta asibiti ta same ni shekaranjiya. Na karanta ta har na haddace. Kin rubuta komai, abu ɗaya kika bari, ba ki ce laifin wa ba ne. Na san halinki, abin da ya fi yi miki ciwo shi kike yin shiru a kansa. To ni zan faɗa. Hannuna ne ya zabge shi. Mutumin da ya sayar da ragonsa ya ɗinka mini kayan tafiya Yamai, yau yana kwance ido naɗe saboda na so in nuna na iya.

Iya ta yi gaskiya, da ina nan da haka bai faru ba. Na gane abin da kike nufi da kika sa maganar a ƙarshe. Gida babu namiji a tsaye, rumfa a rufe, yara biyar. Na je biron da ke kula da mu ɗaliban waje, na ce ina so in koma. Mutumin ya ce ana iya ba ni tikiti ranar 20 ga Janairu, amma in na sa hannu na bar bursata, wato kuɗin karatun da ake biya mini, babu dawowa, wani za a ba. Saura mini shekara ɗaya da rabi in gama. Na ce na ji. Ya ce in je in yi tunani, sai ranar 13 ga Janairu zai karɓi sa hannuna.

Na gaya wa Arman. Ya ajiye sifana ya ce, "Ka taɓa ganin na kwance inji kafin in auna?" Na ce a'a. Ya ce, "To kai me ka auna? Takarda ɗaya ce a hannunka, ta wata guda da ya wuce." Na ce masa shi bai san Yaya Inusa ba.

Ƙanƙara ta sauka tun farkon wata, ta kai gwiwa. Duk motocin da na duba suna kan hanya, ko ɗaya ba ta dawo ba. Madam Liz ta biyo ta garaji ta ce tata ba ta taɓa tafiya haka ba, ta kawo mini safar hannu da ta saƙa. Na karɓa na gode, ban iya sa ta ba.

Kada ku sayar da injin. Ina zuwa in tashe shi da hannuna, in riƙe rumfar har Allah ya yi abin da zai yi.

Ƙanenki,
Ja'afaru


Wayar tangaraho daga Dogon Dutsi zuwa Kebek
9 ga Janairu, 1967

INJI YA TASHI. MAIGIDA YANA GANI. KADA KA SA HANNU. TAKARDA NA TAFE. ASIYA.


Ɗan Kassari
15 ga Janairu, 1967

Zuwa ga ƙanena Ja'afaru, mai saurin yanke hukunci.

Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Iya ta yi azuminta cif, ba ta sha ko ɗaya ba. Ina fatan waya ta riga alƙalaminka. Takardarka mai maganar dawowa ranar Lahadi ta iso, na karanta, Litinin da sassafe na hau kamyon Maikano zuwa gidan waya. Ma'aikacin ya ce in rage magana, shi ya sa ka ga ta gajera. Yanzu ga sauran.

Da farko idon. An kwance bayan kwana goma sha biyu. Na dama lafiyarsa lau. Na hagu yana ganin haske da inuwar mutum, ba ya rabe fuska, likita ya ce mai yiwuwa haka zai zauna. Akwai tabo daga gira zuwa kunci. Ba zan rage maka ba, ba zan ƙara ba. Shi ne abin da ke akwai.

Na karanta wa Maigida takardarka. Da na zo wurin da ka ce hannunka ne ya zabge shi, ya ce, "Ki rubuta masa, ni na sunkuya. Shekara huɗu ina hana mata matsowa kusa da bel, ranar nan ni na kai fuskata." Wurin rago kuwa ya ce in ka bar karatun, to a nan ne ragonsa ya tafi a banza.

Maganar Iya kuma, kai ma ka san ta. Ko akuya ce ta ɓata, cewa take da Ja'afaru na nan da ba ta ɓata ba. Na sa ta a ƙarshe ne don a nan takardar ta ƙare, ba ni da wata. Shirun da na yi kan laifi, ban ga lokacin rabon laifi ba ne, ina riƙe da kwanon kunu. In kana son sani, ni ce na ce a auna da yatsa mai kauri. Kowa ya ɗauki nasa.

Yanzu inji. Kwanakin da na yi a asibiti ba ni da aiki sai zama, takardarka ta farko na ƙulle a bakin zanena. Na yi ta karanta ta ina neman inda muka ɓata. Rana ta biyar na tsaya a kan layin da ka ce kowane faifai fuska biyu gare shi masu matsewa da buɗewa. Na rufe ido na duba namu. Namu dunƙulen ƙarfe ne, ba abin da ke buɗewa. Na ce a raina, Asiya, maganin wani ciwo kuka sha. Sai na koma wurin da ka ce injin matar nan ya karkace don abin da yake zaune a kai ya murƙushe. Na tuna ruwan Agusta.

Da muka dawo gida na karɓi mabuɗin rumfar. Maigida ya ce me zan yi. Na ce dubawa kawai. Ba ni da sandar ƙarfe irin taku, sai na ɗauko zaren da Iya ta kaɗa, na ninka shi huɗu na murza. Na kira Maikano ya riƙe baki ɗaya. Muka fara mayar da maniƙar inda take tun asali. Muka ja zaren a gefen faifan biyu. A wurin maniƙa ya kwanta lafiya. A wurin inji ya taɓa baki ɗaya, ɗaya bakin kuwa har yatsana biyu na shiga. Na durƙusa na tona ƙasa da hannu. Katakon da ke ƙarƙashin injin ya ruɓe ta kusurwar gabas, gara ta gama da shi, ƙafar ta nutse.

Maikano ya ce, "Asiya, wannan aikin maza ne, ki bari a kira bakanike daga Dosso."

Na ce, "Kafin ya zo an yi Sallah. Ɗauko jak ɗin kamyonka."

Ya dube ni, ya tafi ya ɗauko. Muka ɗaga injin, aka cire katakon, aka jera fale-falen duwatsu, aka zuba siminti rabin buhu da Maikano ya samo. Kwana uku na hana kowa taɓawa. Ranar da aka sauke shi na ja zare sau bakwai, ana sassautawa ana ɗaurewa, har ya kwanta a jikin faifan biyu babu haske ko kaɗan.

Kafin a ta da shi Baturiya ta zo da ƙwaryar nono ta ce sai ta zuba a gindin gawo. Na ce ta zuba, gawon ba nawa ba ne. Ta zuba, ta yi kirarinta, ta ce doguwa ta haƙura. Ni na san abin da na gani a ƙarƙashin injin, ita ma ta san abin da ta sani. Ba mu yi gardama ba. Amfanin da na gani, matan da suka ce ba za su ƙara taka rumfar ba, da suka ji Baturiya ta zuba nono duk suka dawo.

Ana gobe azumi muka tashe shi. Na kori kowa waje, Maikano ya juya hannun tayar da injin, ni ina tsaye a wurin kashewa.  Bel ya hau tsakiya ya zauna. Na zuba tiya ɗaya, na zuba biyu, na zuba buhu. Maigida yana zaune a bakin ƙofa da rawani a kan idon, ya karkata kunne ya ce, "Wannan ƙarar tasa ce ta ranar da aka kawo shi." Azumi duka bel bai faɗi ko sau ɗaya ba.

Takardarka mai cewa kada a bar rata ta iso azumi na da kwana goma sha biyu, na karanta ta garin hatsi ya rufe mini gira. Duk abin da ka ce na riga na yi, har zaren. Abu biyu ka fi ni, juyawa da hannu da shingen ganga. Washegari na kai ganga maƙera, yanzu bel yana cikin ɗakinsa. Ban rubuta maka a lokacin ba don tun asuba nake rumfa har a sha ruwa, kuma ina so in ga ƙarshen wata kafin in yi baki. Ban san kana can kana naɗe tabarmarka ba. Wannan kam kuskurena ne, ka yafe.

Yanzu Maigida ke karɓar mata a ƙofa yana auna hatsi, ni ke wurin inji. Kowace Juma'a da safe kafin a fara, sai na kashe, na cire ganga, na ja zarena. Ya ce in ya ƙara warwarewa zai karɓi aikinsa. Na ce to, Allah ya kai mu.

Jiya wani Alhaji Sama'ila daga Dogon Kiriya ya zo da amalanke. Shi ma injinsa na cin bel, ya ji labari a kasuwa. Ya yi sallama ya ce yana neman bakaniken da ya gyara na Ɗan Kassari. Maigida ya nuna ni da haɓa. Alhaji ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya daina. Jibi zan tafi in duba masa, Maigida zai raka ni.

Saboda haka ka sa safar hannun da baiwar Allah ta saƙa maka, ka koma wurin tsohonka, ka gama shekara ɗaya da rabin nan. Abin da nake so ka aiko mini shi ne bayanin yadda ake gane bel ya yi tauri ko ya yi sako-sako, don nan ne har yanzu nake lalube. Ka rubuta shi dalla-dalla, ka kuma faɗi na wane inji ne.

Ka yi sauri ka gama. In ka daɗe, za ka dawo da takardar shaidarka ka tarar duk injinan Arewa ni suka sani.

Yayarka,
Asiya